Ranar da Baba Ya Ari Titi

Wata Asabar ce cikin zafin shekarar 2004, hantsi bai gama ɗagawa ba, na fito daga kicin ɗauke da tiren dabino, na tarar da manyan mutanenmu zaune a kan kwalta a ƙofar gidanmu da ke Glenwood. An shimfiɗa tabarmi da dardumai, kowa ya sha babbar riga da turare, takalma jere a gefe, a bayansu kuma ga wani ƙaton akwatin ƙarfe cike da ɓaraguzan gini da tsofaffin katakai. Ranar sunan ƙanena ce, namiji na farko a gidanmu, kuma na farko da aka haifa mana a Amurka. Shekarata goma sha ɗaya a lokacin, ban daɗe da zuwa daga Maradi ba, amma da yake ina zuwa lakwal, wato makaranta, ni ce bakin Baba a duk inda Turanci ya tare shi.

Akwatin nan damsta ake ce masa. Masu gyaran gidan da ke jikin namu ne suka ajiye shi a bakin titi, suka kuma keɓe wani fili kusa da shi da robobi masu tsini ruwan lemo, domin motocin aikinsu. Mu yara kasuwa ce ta buɗe mana. Idan na gama wanke-wanke da shanya, sai mu tsinci gutsuren farin allon da ake yin bango da shi, mu zana 'yar gala-gala a kan daɓen gefen titi, mu yi ta tsalle har a kira magariba. Mama ma ta sa na ɗauko mata 'yan katakai ta kafa wa kuɓewarta a bayan gida. A jikin akwatin an manna wata takarda cikin leda. Shugaban ma'aikatan, wani ɗan Meziko mai fara'a da ake kira Ramon, ya ce mini famit ce, wato izinin da hukumar gari ta ba shi na ajiye akwatin da motocinsa a titi. Baba kuwa papiyen meri yake ce mata, wato takardar ofishin magajin gari, kamar yadda ake cewa a gida.

A Maradi, idan suna ya kama ka, benci kake gittawa a bakin lungu, ka gaya wa maƙwabta, ka gaisa da mai unguwa, shi ke nan babura su zagaya ta baya. Falonmu a nan ko mutum goma ba zai ci ba, Baba kuma ya rantse ba za a raɗa wa ɗansa suna a ƙuntace kamar abin kunya ba. Yana dawowa daga kamfanin katifun da yake aiki sai ya tsaya ya ƙura wa akwatin ido. Wata rana ya ce, "Idan shara ta samu wurin zama a titin nan, baƙina ba za su rasa ba." Ya tasa ni gaba muka bi gida-gida da goro da dabino. 'Yan jami'ar da ke haya a layin suka karɓi goro, suka gutsura, suka yamutsa fuska, suka ce ba damuwa. Wata tsohuwa da ke tsallaken titi ce kawai ta ce sai mun je ofishin gari mun nemi izini. Na faɗa wa Baba yadda ta faɗa. Ya ce, "Su mutanen meri a layin nan suke kwana? Wanda zan tare wa hanya shi zan roƙa." Daga nan muka je wurin Ramon, Baba ya ce in tambaye shi ko zai ara mana filin nasa ranar Asabar, tunda ba sa aiki. Ramon ya ɗaga kafaɗa ya yi murmushi ya ce to. Baba ya dube ni ya ce, "Kin gani, Rabi, har takardar mun samu aro." A wurinsa izini kamar tsani ne ko turmi, in mai shi ba ya amfani da shi, maƙwabci ya ɗauka. Ni ma ban ga aibu ba. A lakwal an koya mana mu tambaya kafin mu taɓa kayan wani, mu kuma babu wanda ba mu tambaya ba.

Ranar suna tun da asuba aka yanko rago a wata gona ta wajen Summerfield. Baƙi suka zo fiye da zato, motoci suka cika filin, sai abokin Baba, Alhaji Sani, ya ja robobin nan ya gitta su a tsakiyar titi. Liman ya gyara zama ke nan motar 'yan sanda ta tsaya ba jiniya, wata mace ta fito. Na ga wasu suna laluben takalmansu da ƙafa. Na san abin da Baba yake tsoro, domin idan taron ya watse ba a faɗi suna ba, kafin la'asar labarin ya isa Maradi. Ya yafito ni ya ce, "Zo ki gaya mata muna da takarda." Na gaya mata. Ta je ta karanta, ta dawo ta ce wannan ta akwati ce da motocin magina, ba ta mutane ba ce, kuma ba a aronta. Baba ya ce, "Tambaye ta, a ƙasar nan shara ta fi mutum ne?" Na ji tsoro, sai na ce mata yana ba da haƙuri. Har ya rasu ban gaya masa na canza masa magana ba.

Matar ba ta ɗaga murya ba. Ta nuna 'yar ciyawar ƙofar gidanmu ta ce a koma can, motoci kuma a kwashe su. Tsakanin kwaltar da ciyawar ko tsawon tabarma bai kai ba, na rasa gane yadda nan ya zama laifi can kuma ba laifi ba. Alhaji Sani yana jan darduma ya ce, "Malam Isa, ka gayyato mu suna ka kai mu kiwo." Aka yi dariya, ban da Baba. Aka cushe a ciyawar gwiwa da gwiwa, wasu a kan matakala, rabin mutanen kuma suka tafi neman inda za su ajiye mota. Liman ya jira har ya gaji, sannan ya faɗi suna, Abdulkarim. Amin ɗin da aka amsa bai yi ƙarfi ba. Waɗanda suka dawo a ƙafa daga baya sai tambaya suke yi, wane suna yaro ya ci.

Ranar Litinin wata babbar mota ta zo ta ɗauke akwatin, muka ji an ci Ramon tara saboda robobinsa da aka gitta a titi. Baba ya kai masa cinyar rago, ya karɓa, amma bai sake ɗaga mana hannu ba. Shekaru da yawa Baba yakan tayar da zancen ya ce, "Kowa na tambaya, kowa ya ce to. To wa na tsallake?"

Yanzu idan an yi haihuwa ɗakin taro muke kamawa, da sanyinsa da wurin motocinsa, takarda da sunanmu a jiki, gayyata kuma ta waya. Babu mai korar kowa, babu kuma mai wucewa da zai ga taro ya tsaya ya ɗaga hannu a shafa da shi. Na san ofishin da ake zuwa, na san layin da ake bi. Amma da Baba zai dawo ya sake tambaya ta wa ya tsallake, ba ni da amsar da za ta gamsar da shi.