Godiyar da Baba Duhu Bai Ji Ba

Da sanyin safiya yake tura kekensa zuwa tashar rarraba wutar lantarki, ya rataye hularsa a ƙusa, ya tsaya gaban allon makunnai. A bayan bango taransifomomi na gurnani ba hutu, sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Aikinsa rabo ne. Wutar da ake turo wa birni ba ta isa, shi ke kashe wa wannan layi ya kunna wa wancan.

Lokacin da ya kama aiki, ƙwan lantarki biyu da rediyo sun ishi gida. Sai masana'antu suka tsiro a bakin gari, na roba da na narkar da ƙarfe, kowacce da cikin da ba ya ƙoshi. Gidaje suka cika da firji da na'urar sanyaya ɗaki, wani ma ya bar tasa a kunne ya tafi kasuwa. Wuta ta zama gajeren bargo, ka rufe kai ƙafa ta leƙo. Daga sama aka ce masa kada ya kuskura ya taɓa layin masana'antu. In rana ta take, dole ya kashe ɗaya cikin biyu: layin unguwarsu, ko na asibitin haihuwa.

Nasu yake kashewa, kullum.

Telan unguwa ne ya laƙaba masa Baba Duhu, sunan kuwa ya zauna daram. In ya dawo da yamma, mai walda ya ɗaga murya: "Baba Duhu, yau ma ka kyauta! Allah ya isa!" Shi dai ya ce, "Sannunku da aiki," ya wuce. Matarsa a da ƙanƙara take sayarwa, firjinta ya koma ma'ajiyar kwanuka, maƙwabta suka ɗauke ƙafa daga gidan. Wata rana ta tare shi a bakin ƙofa, gumi na tsiyaya.

"Malam, ko mai rabon nama ai yana ajiye wa gidansa tsoka. To ka faɗa musu dalili mana!"

"In na faɗa, asibitin za su koma tsine wa," in ji shi. "Gara ni. Kunnena ya saba da ƙara."

Ba wai abin ba ya ci masa rai ba ne, yana ci. Burinsa ɗaya: wata rana su gane, a gaishe shi da sunansa na yanka ko sau ɗaya.

Bana ya yi ritaya. Aka maye gurbinsa da na'ura mai bin jadawali, wadda ba ta san mai naƙuda ba. Unguwa ta ga wuta da tsakar rana, aka yi ta shewa an rabu da Duhu. Ana cikin haka tsohuwar ungozomar asibitin ta faɗo shagon tela.

"Wutar da kake ɗinki da ita tamu ce," ta ce. "Jiya bakwaini biyu a ƙirjin iyayensu muka ɗumama su, kwalbar ɗumama jarirai ta mutu don ba wuta. Da can ba mu san haka ba, don akwai mai kashe ta gidansa ya bar mana. Kai tela, tagwayenka a wutar wa aka haife su?"

Keken ɗinki ya tsaya. Rashin sani ya fi dare duhu.

Da la'asar suka je gidan Baba Duhu, tela da mai walda da dattawan unguwa. Suka same shi kan benci. Tela ya durƙusa ya yi ta ba da haƙuri, shi kuwa yana kallon bakinsa yana murmushi.

"Ku ɗaga murya," in ji matar. "Gurnanin nan ya cinye kunnen. Yanzu sai da nuni."

Tela ya kira sunansa na yanka, ya ce da ƙarfi, "Mun gode!"

Tsohon ya gyaɗa kai. "Ku yi haƙuri," ya ce. "Yanzu ba ni ne a kai ba. Za a kawo wutar."

Baba Duhu, kai ne ka yini da zafi don jaririn wani ya yi numfashi, gatan mai naƙuda. Allah ya saka maka da alheri, ya ba mu masu rabo irinka. Masu karatu kuma, in akwai wanda ke ɗaukar muku irin wannan kaya, ku nemo shi yau ku gode masa. Baba Duhu zagi ya same shi da kunnensa, godiya ce ta makara.