Bidiyon da Na Ƙaga wa Mai Takaba

Ni ɗan unguwar Sheshe ne a Kano. Kafin in lalace, sana'ata ɗaukar bidiyon biki da suna. Ina da ɗan shago da kwamfuta, ba na rasa na cefane, Babana har alfahari yake yi wai ɗansa ya iya na'ura. Iyawar ce ta kai ni gidan yari, shi ya sa nake rubuta muku wannan, ku samari masu waya a hannu.

Da wasa na fara. Na samu wata manhaja mai kwaikwayon muryar mutum, ta kuma motsa bakinsa a bidiyo. Na sa mai shayinmu yana shelar cewa yau shayi kyauta ne, majalisa ta yi ta dariya. Aka fara ce mini gwani, kaina ya kumbura.

Ana nan sai wani Alhaji ya zo shagona. Akwai wata Hajiya a unguwar Kabara da ta yi suna a shirin rediyo na taimakon marayu. Duk gabanin azumi 'yan kasuwa sukan aika mata buhunan hatsi ta raba. Shi Alhajin so yake rabon ya dawo hannunsa.

Ya ce, "So nake a ji ta da bakinta tana cewa sayar da hatsin take yi."

Na ce, "Alhaji, wannan ai ƙazafi ne."

Ya ce, "Kai dai yi aikinka, alhakin a kaina."

Ya miƙo kuɗi, na karɓa. Na ɗauko wani tsohon bidiyonta da na ɗauka a wata walima, tana sanye da leshi da gwal, hannu ya sha lalle. Na ɗora mata maganar, na rubuta a ƙasa cewa jiya ta faɗa a ɗakin taro. Abin da ban sani ba, mijinta ya rasu ko wata biyu ba a yi ba, tana cikin takaba. Ni da na tare a gaban kwamfuta, ko rasuwar ban ji ba.

Bidiyon ya bazu. 'Yan kasuwa suka riƙe hatsinsu, ga azumi ya matso. Wasu har suna cewa matar nan ko takabar ba ta iya zama ba.

Na ɗauka za ta yi zagi ko kuka. Ba ta yi ba. Daga ɗakinta ta kira gidan rediyon, na ji ta da kunnena.

Ta ce, "Jama'a, takaba nake yi. Ban fita ba, ban sa gwal ba, ban yi lalle ba, matan unguwa shaida ne. Kada ku tura bidiyon nan ko don ku kare ni. Duk saƙon da bai fito daga shirin nan ko shafina ba, ba nawa ba ne."

Na yi maza na goge bidiyon daga inda na sa shi. 'Yarta ta adana bidiyon kafin in goge, suka kai wa lauya da 'yan sanda. Mai walimar ta gane leshin, ta fito da bidiyon asali, aka jera su biyu a shafin Hajiya kowa ya gani. Aka tambayi mai walimar wa ya ɗauka, ta faɗi sunana. Alhaji kuwa ya rantse bai taɓa ganina ba.

A gidan yari sau ɗaya Babana ya zo. Bai yi mini faɗa ba, ya ce dai ya daina zama a sahun gaba a masallaci. Na yi kuka kamar ƙaramin yaro.

Da na fito, Kabara na fara zuwa. Na durƙusa a zaure na ce, "Hajiya, ki yafe mini."

Ta ce, "Nawa na yafe. Na marayu fa?" Ta miƙo mini takarda mai sunayen waɗanda har yau ba su sake aiko hatsi ba. "Waɗannan sun ga ƙaryar, ba su ji ƙaryatawar ba. Je ka gaya musu da bakinka."

Tun ranar nake bi ɗaya bayan ɗaya, daga Ƙofar Dawanau har cikin lunguna, ina cewa ni ne na ƙaga. Wani ya kore ni, wani ya tofa mini yawu, wasu sun ci gaba da aikowa. Mutum ɗaya na tarar ya rasu, ya tafi yana ganinta ɓarauniya, wannan kam ba ni da yadda zan gyara.

Ku samari, kada ku sa wa kowa maganar da bai faɗa ba, ko da wasa. In bidiyo ya zo muku, ku tambaya kafin ku tura. Wanda ya ce muku alhakin a kansa, ranar kotu ba za ku gan shi ba. Ni na yi wannan aikin kafin shayina ya huce, ga shi har yau ina yawon kwance shi. Saura gida bakwai a takardar, kuma in Allah ya yarda sai na shiga kowanne kafin a ga watan azumi.