Ƙofar Motar Baba Markus

Duk wanda gilashin motarsa ya maƙale a Zuru, wurin Dominic ake tura shi. Shekara ashirin yana cire allon cikin ƙofar mota, ya gyara abin da ke bayansa, ya mayar, bai taɓa karya ko maɓallin roba ɗaya ba. Ni ƙanwarsa ce, na san shi ciki da waje. Gwani ne, amma akwai cika baki. Kullum sai ya ce, "Aikina ba ya dawowa." Har mun gaji da ji.

Da ya nemi auren Leah, 'yar Baba Markus, wani tsohon soja a Manga, sai maganar golmo ta taso, wato noman da saurayi ke yi wa surukinsa. Dominic kuwa tun yana ƙarami ba ya ga maciji da fartanya. Tsohon ya dubi hannuwansa, ya yi dariya, ya ce, "Bar gonar. Gilashin motata na gefen direba ba ya hawa. Shi ne golmonka."

Ran Asabar gogan naka ya je, dangin Leah suka kewaye shi suna kallo. Yana aiki yana zuba labari. Kafin ka ce me, ya mayar da allo, gilashi ya hau sumul, aka tafa masa.

Tun daga nan, duk Lahadi a bakin coci sai mu ga Baba Markus ya sauke gilashi, ya zura hannu waje ya buɗe ƙofar, sannan ya jawo ƙafarsa mai ciwo ya fito. Ko ruwa ake yi, haka ne. In motar na tafiya kuma, wani abu na ƙwal-ƙwal a cikin ƙofar. Dominic ya taɓa tambayarsa, sai ya ce, "Sabo ne tun na bariki, ɗana. Ƙarar kuwa tsufa ne, ita da mai ita." Shekara bakwai ana haka.

Bara tsohon ya rasu. Matarsa, Mama Saloma, ta sa aka kawo motar garejin Dominic a duba ta kafin a sayar, ita ma ta biyo. Ina wurin, na kai wa yayana abinci. Ya cire allon. Siririn ƙarfen da ke haɗa hannun buɗe ƙofa na ciki da makulli yana lilo, ba a maƙala shi ba. Can ƙasa cikin ƙura ga sukurdirebansa mai jan mariƙi, wanda ya daɗe yana zargin maƙwabcinsa Cletus da ɗaukewa.

Dominic ya ɗauko shi, ya kakkaɓe ƙurar. Ni kaina kunya ta rufe ni, kamar ni na yi aikin. Da ƙyar ya ce, "Mama, Baba ya sani?"

Ta ce, "Tun rannan da ka juya baya ya gane. Ya hana kowa taɓa ƙofar ga, kar gari ya ji. Na ce to ya maido maka. Ya ce a'a, yaron ya ce aikinai ba ya dawowa."

Dominic ya durƙusa ya maƙala ƙarfen. Ko minti ɗaya bai ci ba.