Muntaka Masassaƙi da Jitar Zaharaddini

A Gidan Dallatu, wani ƙauye da ke gefen hanyar Gezawa, babu gidan da ba a daka a turmin Muntaka. Gado ya yi. Ubansa masassaƙi ne, kakansa ma haka, shi kuwa tun bai kai ɗaukar fartanya ba aka damƙa masa gizago. Yana sassaƙa turmi da taɓarya da akushi da kujerar mata, idan makaɗa sun kawo icen alilliba ya rarake musu ganga. Gonarsa 'yar ƙarama ce kamar ta kowa a wannan yanki da gonaki suka matse juna, don haka gizagon ne ya ciyar da shi da matarsa Hure da 'ya'ya bakwai.

Mutum ne mara yawan magana, kuma masu cewa yana da haƙuri ba su san shi ba. Muntaka ba haƙuri yake yi ba, ajiya yake yi. Abu ɗaya ya mallaka a duniya da yake tinƙaho da shi, wato a ce hannunsa ba ya kuskure. Ka zage shi ka zagi rigarsa, zai yi maka dariya. Amma kada ka taɓa aikinsa.

Wanda ya taɓa shi ne Zaharaddini, wani mawaƙin biki daga Ungogo mai kaɗa jitar lantarki. Lokacin bikin ƙanwar Zaharaddini aka zo sayen turmin amarya. Muntaka ya ce wanda ke ƙasa ɗanye ne, ƙiryar ba ta gama bushewa ba, a ba shi wata guda. Suka ce biki jibi ne. Ya ce to a ajiye shi a inuwa, a riƙa shafa masa mai. Suka ɗora shi a kan motar kaya, ya wuni a ranar bazara, ya kuma ƙara wuni biyu a tsakar gidan amarya. Ranar da aka fara daka a cikinsa, a gaban dangin miji, ya dare gida biyu.

Maimakon ya tambayi yadda aka yi, sai Zaharaddini ya ɗauki jitarsa ya yi zambo. Baitin bai fi ƙarfin yaro ba: turmin Muntaka, ki zuba gero ki kwashi ƙasa. Amma kiɗan ya yi daɗi, kuma abin da ya yi daɗi ba ya tambayar gaskiya. Waƙar ta shiga wayoyi, ta shiga Keke Napep, ta shiga bakin 'yan mata masu surfe. A kasuwar Gezawa mata sukan ƙwanƙwasa turminsa su kalli juna su yi murmushi, sannan su wuce wurin wani. Shekara biyu yana komawa gida da kayansa kusan yadda ya fito da su. Hure ta yi ta ba shi baki, ta ce waƙa iska ce, za ta wuce. Ta wuce ɗin kuwa, kowa ya manta, ban da mutum ɗaya.

Shekara tara bayan haka, wata ranar Talata da hantsi, Keke Napep ta tsaya a bakin rumfarsa. Zaharaddini ya fito, ya yi ƙiba, kafaɗarsa ta hagu ta karkace. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Baba Muntaka, gaisuwar wanda ko dai ya manta, ko yana fata an manta.

Ya buɗe jaka ya fito da jitar. Ya ce nauyinta ya kashe masa kafaɗa, ba ya iya tsayuwar awa ɗaya da ita a rataye, ga shi tsayuwar ce abincinsa. Ba kuma zai iya sauya ta ba, don muryarta mutane suka san shi da ita. Ya nuna hoto a waya. Masu ƙera irinta a ƙasashen waje sukan huda ƙananan ramuka a cikin katakon, ko su rarake ɗakuna a gefe da gefe, su rufe, ta yi sauƙi ba tare da ta canza murya ba. Ya zaga kafintocin birni, kowa ya ce ba zai taɓa ba, ana ta ce masa rarake ice ba tare da ya tsage ba sai masassaƙin Gidan Dallatu.

Muntaka ya karɓe ta da hannu biyu. Gunduman katako ne, babu rami ko kaɗan, ta kusa nauyin ƙaramin turmi. Ya kankare gefe kaɗan ya sansana, ya ce wannan ɗan'uwan maɗaci ne. Kallo ɗaya ya yi wa hoton ya gane dabarar. Duk inda suka rarake, sun bar tsakiya cike, tun daga inda wuya ya shiga har inda tsirkiyoyi suka ɗauru. Wannan shi ne ƙashin bayanta. Ba sai an gaya masa dalili ba. Gangunan da ke rataye a rumfarsa sukan yi gurnani su kaɗai duk lokacin da babbar mota ta wuce, taɓarya kuwa ba ta taɓa amsa wa kowa ba. Ice mai rami yana amsa duk ƙarar da ta same shi.

"Ka dawo bayan kwana goma," in ji shi.

Da Hure ta ga jitar a ɗaki, ba ta tambayi ta wane ne ba. Ta dai ce masa kayan da aka kawo wa mai sana'a amana ne, kuma shi dattijo ne yanzu. Ya ce ai rama cuta ga macuci ibada ce. Ta ce ita ba ta taɓa jin liman ya karanta wannan ba. Ya ci gaba da wasa cizal ɗinsa na sassaƙa.

A gaskiya bai taɓa yin aiki da natsuwa kamar wannan ba. Ya yanke bayan jitar siriri ya ajiye gefe. Ya shiga cikinta a hankali, yana sara yana ƙwanƙwasawa da ɗan yatsa yana saurare. Ya rarake gefen sama, ya rarake na ƙasa, kamar yadda hoton ya nuna. Daga nan ya tsaya, ya yi sallar azahar, ya dawo ya ɗora cizal a kan ƙashin bayan nan. Ya cinye shi tas, ya bar ɗan abin da zai riƙe ƙarafa kada su zube. Ya mayar da bayan ya manne, ya goge, ya shafa fenti, har sai ka sa farce kafin ka ji inda aka haɗa. Zuciyarsa fari ƙal, har da ɗan waƙe-waƙensa.

Da kwana goma suka cika, Zaharaddini ya zo ya ɗaga ta ya kusa yin hawaye. Ta zama kamar ƙwarya. Ya kaɗa ta a nan rumfa ba lantarki, murya ta fito zaƙwai, har ta fi ta da. Ya yi ta sa albarka, ya ce ranar Asabar yana da biki a Gezawa, gidan wani Alhaji Kamilu mai sayar da hatsi a Dawanau, don Allah Baba ya zo ya ji aikinsa. Muntaka ya ce in sha Allahu ba zai rasa ba.

Ya sa babbar rigarsa ta Sallah, ya isa tun kafin la'asar, ya sami benci a gaba. Aka tada janareto, aka jera manyan lasifika huɗu. Matsala ta farko ta bayyana tun daga rataya. Jikin ya yi sauƙi har wuyan ya rinjaye shi, da Zaharaddini ya saki sai kan jitar ya sunkuya ƙasa, dole hannun nan mai ciwo ya tallafe shi. Ya daure. Ya taɓa tsirkiya, aka ƙara murya.

Jitar ta kurma ihu. Ramin cikinta ya kama ƙarar lasifika ya mayar, lasifika ta ƙara mayar masa, abin ya zama wani kuka mai tsinka kunne kamar an taka wutsiyar kare. Jarirai suka fashe da kuka, mata suka toshe kunnuwa. Aka rage murya, ba a jin kiɗa. Aka ƙara, ta sake kurmawa. Zaharaddini ya ja baya, ya juya gefe, ya dafe tsirkiyoyi da tafin hannu, gumi na zuba. Sau biyar yana gwadawa. A na shida wani daga baya ya ce a ba ta nono ko za ta yi shiru, filin ya ɗauki dariya. Alhaji Kamilu ya aika a kashe, a sa waƙar waya.

Muntaka ya zauna ya kalli komai bai ƙifta ba. Ya ji daɗi, kuma ba daɗi kaɗan ba. Ya ci shinkafar biki ya ƙoshi, ya koma gida ya yi barcin da ya rabu da yi shekara tara.

Ya zaci Zaharaddini zai zo da faɗa, har ya tanadi amsa. Bai zo ba. Abin da ya zo ya fi faɗa ciwo. Zaharaddini ya riƙa gaya wa mutane cewa kada a ga laifin tsoho, ya yi iya ƙoƙarinsa, aikin ne ya fi ƙarfinsa. Magana ta zaga gari. A majalisa aka ce tsufa ya kama Muntaka, ido ya yi rauni, hannu ya soma rawa. Maƙwabcinsa Dabo ya zo har rumfa ya yi masa jaje, ya ce kowane gwani da ranarsa, babu wanda ya fi ƙarfin kuskure. Muntaka ya ji kamar ya rusa masa gizago a ka.

Kwana shida yana juya abin. In ya yi shiru, ya zama tsohon da ya ɓata aiki. In ya yi magana, ya zama wanda ya ci amana. Hure ta ce ya rufa wa kansa asiri, tausayin mutane ba ya kisa. Ya ce shi kam yana kashe shi.

Ranar Juma'a, bayan an sallame, mutane na neman takalmansu, ya miƙe a ƙofar masallaci ya ce a dakata.

"Jama'a, jitar yaron nan ba kuskure na yi ba. Na san inda ake bari, na san inda ake cirewa. Da gangan na cire. Duk mai cewa hannuna ya mutu, ya kawo irinta goma in gyara masa tara, in kashe ɗaya, ya zaɓi wadda yake so."

Liman ya sunkuyar da kai, ya ce Allah Ya shirye mu. Dabo ya ɗauki takalmansa a hannu ya bi ta bayan masallaci.

Muntaka yana nan har yanzu a rumfarsa, ya haura saba'in, hannunsa bai soma rawa ba. A Gidan Dallatu da kewaye ba ka samun mai shakkar gwanintarsa, ko mutum ɗaya. Turamensa ana saye, don turmi kana gani kana ƙwanƙwasawa kafin ka ɗauka. Amma makaɗa sun daina kawo masa ganga, kuma ko ƙotar fartanya ce ta karye wa mutum, sai ya zauna a benci a rumfar ya zuba masa ido har ya gama.