Saukar da na yi a Jidda ta raba gwaggona da ɗakinta

Assalamu alaikum Edita. Lokacin da abin nan ya faru ni ɗalibi ne a Alƙahira, irin yaran nan da ba a jin muryarsu a aji, daga ɗakin kwana sai ɗakin karatu. Abokaina kan yi mini tsiya wai ko sabulu zan saya sai na karanta rubutun da ke jikin kwalin. Gaskiyarsu ne, ina da bin diddigi, amma ba ni da baki, musamman a gaban manya.

Da hutu ya zo, ƙungiyar ɗalibai ta shirya mana yawon shaƙatawa a jirgin ruwa, mu tashi daga Suwes mu bi Bahar Maliya muna yada zango. Jidda na cikin tashoshin, yini guda kawai. Kafin mu sauka jagoranmu ya tara mu ya ce fasfonmu zai zauna a jirgi, izinin saukar kuma takarda ɗaya ce mai sunayenmu duka, tana hannunsa. Duk wanda ya rabu da ayari ba shi da abin nunawa. Ya ce jirgi zai tashi bayan la'asar kuma ba ya jiran kowa. Na ji, na fahimta sarai.

Sai dai ina da gwaggo a unguwar Hindawiyya, ƙanwar mahaifina, wadda ta je Hajji tun ina goye ta yi zamanta. Ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, tana sayar da kuka da daddawa a ƙofar ɗakinta. Mahaifina ya sha cewa duk ranar da na taka ƙasar nan in neme ta. Muna zagaya tsohuwar kasuwa na ji wani mai shago yana Hausa, na tambaye shi, ya ce ai ya san ta, unguwar ma ba nisa. Na ce a raina in gaishe ta in dawo kafin a lura. Na sulale ban gaya wa kowa ba.

Tana ganina ta fashe da kuka, wai ko a duhu ta ga goshin nan ta san na yayanta ne. Ta juya ni gaba da baya tana tambaya ko mutanen Masar littafi kawai suke ba ni in ci, na zama kamar tsinke. Nan take ta ɗora tukunyar tuwo. Na ce mata a hankali ina da jirgi, ta ce ruwan teku ba ƙafewa zai yi ba, ɗan da ba ta gani ba tun yana zanen goyo ba zai fita mata gida da yunwa ba. Sai na zauna. Labari ya zaga unguwa, mata suka yi ta shigowa, wannan ta Nijar, waccan ta Cadi, kowacce sai ta gaishe ni ta tambayi gida. Duk sanda na yunƙura zan miƙe sai wata tsohuwa ta yi sallama, in koma in durƙusa. Aka yi azahar, rana ta fara karkata, ina zaune da malmala a gabana, gumi na bin bayana, na kasa buɗe baki in ce wa babba zan tafi.

Hawayena ne suka tona ni. Da gwaggo ta matsa, na gaya mata maganar takardar. Hankalin matan ya tashi, don babu wanda ya kai su sanin abin da rashin takarda ke nufi a garin. Wani maƙwabcinta ya ce ranar ma ana bincike a hanyar tasha, wanda aka kama sai tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, kuma babu mai sauraron cewa ni ɗalibi ne. Karatuna ke nan ya tafi. Gwaggo ta dafe ƙirji ta ce na kashe ta, me ya hana ni faɗa tun ina bakin ƙofa? Ta zari abayarta ta ce yalla, mu tafi. Matan suka riƙe ta suna tuna mata ita ma ba ta da komai. Ta ce halas, magana ta ƙare, ɗan yayanta ba zai ɓata a hannunta ba.

Muna fita aka kira la'asar. Shaguna suka rufe, titi ya yi fayau, babu tasi. Ta ja ni ta lunguna tana haki har muka sami wani direba ɗan Nijar. Ya ɗauke mu, amma ya sauke mu nesa da tasha, ya ce shi ma 'ya'ya gare shi. A nan ya kamata ta koma. To ni ban san ƙofar tashar da muka fito ba, Larabcina kuma na littafi ne, tsoro ma ya kwashe shi. Muna tafe na ji jirgi ya yi ƙara. A ƙofa jami'i ya nemi takardata, ba ni da abin nunawa. Ita ce ta yi masa bayani da Larabcin gari, ta roƙe shi har ya aika ciki. Jagoranmu ya fito a guje da takardar, yana kirana sakarai. Aka duba, ga sunana.

Sai jami'in ya juya ya nemi iƙamarta. Ta tura ni da hannu, ta ce da Hausa in wuce kar in waiwaya, in gaida babana. Na wuce. Daga saman jirgi na hango ana sa ta a mota.

An mayar da ita gida da kayan jikinta kawai. Ɗakinta da jarinta da maƙwabtan da ta tsufa a cikinsu duk suna can. Ba ta taɓa ɗora mini laifi ba, cewa take Allah ne ya so ta ga yayanta kafin ya rasu, wannan kuma ya fi zagi yi mini ciwo.

Don haka duk wanda zai sauka daga jirgi don zagaya gari, ya tambayi inda takardarsa take kafin ƙafarsa ta taɓa ƙasa, kuma kada ya rabu da wanda ke riƙe da ita. Ya kama hanyar komawa tun rana na sama, ya tuna akwai garuruwan da komai ke tsayawa lokacin salla. In da ɗan'uwa a garin, ya sanar da jagora, ya kuma faɗa wa masu gida lokacin tashinsa tun a bakin ƙofa, kafin a ɗora tukunya. Kunya ado ce, amma ranar nan ni na ji ta, wata ce ta biya.