Gwaggo A-wanke da Mutanen Tanki

Tun tana yarinya, idan ƙuda ya sauka a bakin kofinta, ta gama da kofin ke nan. Da ta girma sai Allah ya haɗa ta da aikin da ya dace da ita, wato goge-goge a ɗakin tiyata na asibiti, inda ake biyan mutum albashi don ya yi ƙyanƙyami. Can aka laƙaba mata A-wanke, domin duk abin da aka miƙo mata amsarta ke nan. Sunan ya biyo ta gida, har yaran unguwa suka tashi ba su san ta da wani suna ba sai Gwaggo A-wanke. Hannuwanta kullum a tsattsage suke saboda ruwan bilic mai kashe ƙwayoyin cuta, kuma alfahari take yi da su.

To, wannan matar ce ta auri mutumin da ke aiki a matatar ruwan ƙazanta ta gari, wurin da duk abin da masai ya haɗiye yake ƙarewa. Cewa take yi da fararen kaya ya fara zuwa gidansu, yana ƙamshin sabulu, ya ce shi ma'aikacin ruwa ne. Bai yi ƙarya ba, bai dai faɗi irin ruwan ba. Da ta gano, sai ta kafa masa doka. Idan ya dawo aiki, a makewayin bakin ƙofa zai yi wanka, kayansa su faɗa bokiti, sannan ya miƙo hannu ta shinshina daga nesa. In ta ji saura, a koma. Ya bi dokar nan har ya yi furfura, yana dariya, domin shi mutum ne da ba ya ɗaukar abu da zafi.

Da ya yi ritaya ta yi hamdala, a zatonta ta rabu da wari. Ashe warin ne zai taso ya tare a gidanta. Ya haƙa rami a bayan tagar ɗakinsu, ya gina tanki da siminti, ya kifa wata babbar gangar ƙarfe a samansa, ya ja tiyo har zuwa murhun kicin. Sannan ya dawo daga tsohon wurin aikinsa da jarkoki cike da wata baƙar laka, yana lallaɓa su kamar ƙwai. Ya ce iri ne. Kullum da safe yana dama kashin shanu da ɓawon kayan miya da ragowar abinci, ya ɗura ta bakin tankin. Idan iska ta taru a ciki sai gangar ta ɗago, idan aka yi girki ta sauka. Unguwa ta sa masa Mai Tanki.

Wutar dai shuɗiya ce, ba hayaƙi, ba ta ɓata gindin tukunya, kuma wannan ne kaɗai ya sa Gwaggo ta yarda ta ɗora mata girki. Amma ba ta taɓa yafe wa wutar asalinta ba.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne, sai an zauna cin abinci yake tashi ba da labarin waɗanda yake kira mutanena. Wai wasu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, danginsu daban da na ƙwayoyin cutar da take yaƙi da su a asibiti, kuma sun riga ciyawa da bishiya zuwa duniya. Suna zaune a ƙasan kududdufi, da cikin tumbin saniya, har ma da hanjin ɗan Adam. Wai iskar nan da muke shaƙa mu rayu, su guba ce a gare su.

"Kuma ba kashin suke ci ba fa," in ji shi. "Wasu ƙwayoyin ne ke ruɓar da shi, su bar tsami da wata iska mara nauyi. Wannan ragowar ce abincin mutanena. Numfashin da suke fitarwa shi ne metan, shi ne kike dafa shayi da shi."

"Malam, loma ce a bakina."

"Ke ma akwai su a cikinki."

Ranar ba ta ƙarasa abincin ba, ta kuma yi kwanaki tana jin haushin cikinta.

Wata safiya ya faɗi a tsakar gida da bokitin a hannu. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke, sai wani gurnani da ita kaɗai ke fahimta. Da aka sallamo shi daga asibiti ya nuna a juya masa gado ya fuskanci taga. Daga nan yake kallon gangar. Idan ta ɗago da hantsi sai ɓarin bakinsa mai rai ya motsa, ya karɓi shayi, ya yarda a miƙe masa ƙafa. Wani maƙwabci ne ke ɗura wa tankin abinci, domin Gwaggo ta rantse ba za ta taɓa bokitin ba.

Sai 'yan dubiya suka fara sintiri. Ƙanwar mijin ta zo, ta tsaya bakin taga, ta ga ƙudaje a bakin tankin, ta toshe hanci da gefen mayafi, ta ce ita dai ba ta zaci ganin haka a gidan A-wanke ba, ga kuma majinyaci kwance. Maganar ta soki Gwaggo inda ya fi zafi. Da ma likita ya ce a kula da tsaftar inda yake. Don haka ranar da aka kai shi asibiti gashin ƙafa, ta yi wa tankin abin da take yi wa duk abin da take so ya gyaru. Ta kira 'yan dako suka ɗage gangar don cikin ya sha iska kamar katifa. Warin da ya bugo ya kusa kayar da ita. Ta ɗaure fuska da tsumma, ta juye jarkar bilic guda a ciki, ta motsa da sanda, ta goge bakin tankin har simintin ya yi fari. Kafin a dawo da shi an mayar da gangar, ba ƙuda ko ɗaya, ta yi wanka tana jin daɗin kanta.

Gangar ba ta sake ɗagowa ba.

Ya kalle ta washegari, ya kalle ta jibi, tana zaune daram. Gwaggo ta sayo tukunyar gas ta ɓoye a bayan ƙofar kicin. Da ta ga idonsa ba ya barin taga, sai ta sa aka ɗaga gangar aka tokare ta da bulo. Amma ganga mai rai hawa take yi tana sauka, shi kuwa ya fi kowa sani. Ya dube ta, ya dubi matarsa, ya juya fuska ga bango. Daga ranar ya ƙi shayi, ya ƙi miƙa ƙafa, abinci sai an yi da gaske yake karɓar cokali ɗaya. Ta ga yana zubewa a gabanta, tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba ko a ɗakin tiyata. Ga tankin ya soma wani wari sabo, mai tsami kamar amai.

Ta aika aka kira Dogo, tsohon abokin aikin mijin, wanda ciwon gwiwa ya sa shi dogara sanda. Ya shinshina bakin tankin, ya ji labarin bilic da shan iska. Ya ce ta kashe mutanen tankin ta hanya biyu, kuma da yake ba mai cinye tsamin, shi ne ya taru yake wannan ɗoyi. An rushe tsohon tankin matatar tuni, don haka babu inda za a samo irin da Malam ya fara zubawa. Mafita ɗaya ce. A kwashe abin da ke ciki, a zuba toka ta kashe tsamin, a samo sabon iri daga tumbin saniyar da aka yanka yanzu, da ɗuminsa, a cika bokiti maƙil a rufe kada iska ta shiga. Ya ƙara da cewa ba su da saurin hayayyafa, sai an yi haƙurin makonni.

'Yan dako sun kwashe rabi suka gudu, ita ta ƙarasa sauran. Sannan ta tafi mayanka da sassafe, wurin da ko wucewa ta gabansa ba ta yi sai ta tsallaka titi. Jini na bin kwata, ƙudaje kore shar. Mahaucin ya tsaga tumbin, abin ciki ya zubo yana tururi, ruwan ɗorawa-kore, da wari mai zaƙi-zaƙi da ya fi ɗoyin muni. Ya ce ta ɗiba da kanta, shi aiki ya yi masa yawa. Ta zo da safar roba, amma ta yage a ɗiban farko. Ta tsaya tana duban hannunta tsirara, ta tuna tururin nan yana hucewa, mutanen Malam na mutuwa a ciki. Ta tura hannun har gwiwa. Ta yi amai a gefe, ta goge baki da kafaɗa, ta ci gaba. Haka ta yi ta jigila safiya bayan safiya, tana tsine wa saniya da tumbinta da duk wanda ya fara gano wannan ilimi.

Ta cire bulon. Kullum tana dama bokitin da kanta, daidai gaban taga, ko da ba ya kallo. Ta ce wa bayansa, "Ni na kashe su, Malam. Ni kuma zan ciyar da waɗannan." Bai juyo ba.

Har ta fara fid da rai, sai wata rana da hantsi ta ga tsatsar da ke jikin gangar ta fito sama da bakin siminti, kamar faɗin yatsa biyu. Ta kunna murhu, ashana ta mutu. Bayan 'yan kwanaki wutar ta kama, ta yi rawa, ta tsaya shuɗiya. Ta dafa shayi, ta wanke hannu da sabulu har fata ta yi zafi, amma warin tumbin ya riga ya shiga tsagun nan da bilic ya yi mata, ya ƙi fita. Ta shiga ɗaki tana riƙe da kofin da tsumma don kada ta ɓata shi.

Ta tarar ya juyo da kansa yana kallon taga. Ta miƙa masa kofin, sai ya wuce shi ya kama wuyan hannunta da hannunsa mai rai. Ta so ta janye, ta ce bai fita ba tukuna, bari ta sake wankewa. Ya riƙe. Ya kai tafin hannun nata kusa da hancinsa ya shinshina a hankali, yadda ta yi ta yi masa a bakin ƙofa tun suna matasa, sai dai shi bai ce a koma ba. Ya kwantar da kuncinsa a ciki.

"Ƙazami," in ji ta. "Sha shayinka kafin ya huce."

Ya sha, bai saki hannun ba.