Ɗakin Inna Tani a Bazarar Sanƙarau

A farkon samun 'yancin kai akwai wata makarantar kwana ta 'yan mata a ƙasar Malumfashi, kuma Inna Tani ce mai dafa musu abinci. Bamagujiya ce daga wani ƙauyen Kafur, gajeruwa, ga faɗa kamar me, ga hannu a sake. Ta haifi biyar, ta binne biyar. Da mijinta Sanda ya bi su, sai ta bar wa danginsa gonar auduga, ta ɗauko muciyarta ta zo aiki. In yarinya ta yi wa tuwo yanga, za ta zage ta tas, anjima kuma ta kira ta gefe ta ba ta ƙanzo.

'Yar lelenta ita ce Shafa'atu, ƙaramar makarantar duka, 'yar Malam Jibo mai awon hatsi a Dayi. Kewar gida ba ta barin yarinyar nan barci sai Inna ta shafa mata baya.

Sai ga bazarar sanƙarau. Ciwo ne mai sandare wuya, ka ga yaro yana wasa yau, gobe ana zaman makokinsa. Malamin asibiti ya zo a kan babur, ya ce cunkoso da shaƙar numfashin juna ke yaɗa shi, don haka a fid da tabarmi waje, kowace yarinya ta kwana nesa da 'yar'uwarta. Shugabar makaranta ta duba, babu fili mai iska irin gindin tsamiyoyin bayan madafa.

Tsamiya! Inna Tani ta dafe ƙirji. A gidan ubanta, gindin tsamiya ake yanka wa iskoki akuya, ko da rana tsaka ba a zama can, balle kwana. Kuma a saninta, wa ke murɗe wuyan mutum in ba su ba? Ta sami shugaba ta ce, "Malama, kada ki kai 'ya'yan mutane hannun masu wurin."

"Inna, umarnin asibiti ne, ki yi haƙuri," in ji shugaba.

Haƙurin da ba ta yi ba ke nan. Manyan ta ƙyale su, amma ƙananan ta riƙa kwashe su a ɓoye zuwa ɗakinta, har da Shafa'atu. Ta toshe taga da tsumma, ta turara sassaƙe, ta ja ƙyaure, ita kuma ta shimfiɗa a bakin ƙofa, wai duk abin da zai shigo ya fara da ita. Allah sarki! Ni dai har yau na kasa ganin baƙinta.

Ashe cikinsu wata ta riga ta ɗauko ciwon. Kafin kasuwa ta zagayo uku sun kwanta, na gindin tsamiya kuwa ko ciwon kai babu. Biyu allura ta tashe su. Shafa'atu ba ta kai asibiti ba, a cinyar Inna ta cika, a bayan motar ɗaukar auduga. Da malamin asibiti ya leƙa ɗakin ya ga tagar, bai yi faɗa ba. Zama ya yi ya bayyana mata a hankali yadda cunkoson ɗakin ya yaɗa ciwon, har ta gane sarai. Wallahi gara a ce zaginta ya yi.

Bayan sadakar bakwai Malam Jibo ya zo ɗaukar akwatin 'yarsa. Ya nemi mai dafa abinci, ya rusuna, ya ajiye mata turmin atamfa.

"Inna," ya ce, "yaran sun gaya mini a ɗakinki kike kwantar da ita don kada komai ya same ta. Ko uwarta iyakar abin da za ta yi ke nan. Allah ya saka miki da alheri."

Ta kau da kai, ta koma madafa.

Ta ci gaba da tuƙa tuwo a makarantar har ƙarfinta ya ƙare, amma ba ta sake barin yarinya ta taka ɗakinta ba, ko da ruwa ake tsugawa. Waɗanda suka zo daga baya sun ɗauka ƙin yara take yi.